Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Magana Kan Gyaran Jami'o'inmu



Duk wanda ya taɓa zama a jami'a, malami ne ko ɗalibi ko masinja, ya san alamun zuwan baƙi daga Abuja. Saura mako biyu sai ka ga an fara shafa fenti a bangon tsangaya. A sare ciyawa, a gyara fanka, a manna sunayen malamai a ƙofofin ofisoshin da har jiya karyayyun kujeru ne a jibge a ciki. Ɗakin gwaje-gwajen da ya shekara babu ruwa, sai ga famfo yana zuba. Littattafai sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a cire ba, su cika kantar laburare. Farfesoshin da ɗalibai ba su taɓa ganin fuskarsu ba su bayyana, kowa da babbar riga da fayil a hammata. Tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta zo ta yi 'yan kwanakinta, ta duba, ta rubuta, ta koma. Kafin ƙurar motarsu ta lafa an fara kwashe kaya ana mayar wa masu su.

Ban ce kowace jami'a haka take yi ba, kuma ban ce kowane sashe ba. Akwai waɗanda suke cin wannan jarrabawa da guminsu. Amma aron malamai da aron kayan aiki saboda tantancewa ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙasar nan, su kansu malaman jami'a sun sha faɗa da bakinsu. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne: idan aka ba mutum jagorancin jami'a aka ce ya ɗaga darajar karatu, me ya kamata ya yi, me ke hannunsa, kuma mu da muke cikin harkar siyasa ina namu kason na laifi da na gyara?

Bari mu fara da fahimtar ita tantancewar, don kada a ce mun raina ta. An kafa NUC a 1962, kuma dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'aunin da kowane kwas zai cika da kuma tantance shi. Idan tawaga ta zo, tana duba manhaja, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da laburare, da kuɗin da ake kashe wa sashen. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 cikin 100, kuma bai gaza a manyan ɓangarorin ba, ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya ɗan gaza a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya faɗi warwas a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Hukumar ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da ya kamata malami ɗaya ya riƙe: 30 a fannonin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci.

To ka ga ma'aunin ba shi da laifi. Kuma ka ga dalilin da ya sa shugaban sashe yake rasa barci idan lokacin ya matso, domin faɗuwa na nufin rufe ƙofa. Matsalar ita ce mun mayar da ma'aunin ya zama shi ne manufar. Sai jami'a ta yi shekara huɗu da wata goma sha ɗaya tana barci, ta farka wata guda ta yi kwalliya. Hausawa kuwa sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara. Takarda ta ce malami ɗaya ɗalibi talatin, amma yaron da ke aji ɗaya ya san su ɗari bakwai ne a zaure guda, rabinsu a tsaye, wasu a bakin taga suna leƙe, malami yana ta ihu babu lasifika.

Akwai wani Ba'amurke masanin ƙididdiga, Edwards Deming, wanda ya je Japan a 1950 ya koyar da masu masana'antunsu yadda ake inganta kaya. Jigon koyarwarsa abu biyu ne. Na ɗaya, ba a samun inganci ta hanyar tsayawa a bakin ƙofa ana duba kayan da aka riga aka ƙera, sai dai a gina shi cikin aikin tun daga farko. Na biyu, yawancin kurakuran da ake ɗora wa ma'aikaci, tsarin da aka sa shi a ciki ne ya haife su, kuma shugabanni ne kaɗai ke da ikon canza tsari. Jami'a ba masana'antar mota ba ce, ɗalibi kuma ba ƙarfe ba ne, amma wannan magana ta zauna daram a kanmu. Baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar ba zai iya ba mu abin da mu da muke kwana a gidan ba mu gina ba.

Na san abin da wani zai ce tun kafin ya kai ƙarshen wannan rubutu: Malam, ai duk maganar kuɗi ce. Gaskiya ne, kuɗi babban ɓangare ne, kuma ba zan yi musu ba. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga halin da suke ciki. Rahoton ya samu malamai 37,504, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai suke da digirin digirgir. Ya ƙirga ayyukan gine-gine 701 da ba a kammala ba, 163 daga cikinsu an yi watsi da su gaba ɗaya. Ya nuna ɗakunan gwaje-gwajen da ake kunna risho a madadin murhun gas na kimiyya. Bayan yajin aikin ASUU na 2013, wanda ya ɗauki kusan wata shida, gwamnati ta sa hannu cewa za ta zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i. An saki kason farko na biliyan 200, daga nan abin ya koma ɗigo-ɗigo. Rashin cika wannan alkawari yana cikin abin da ya jawo yajin aikin 2020 na kusan wata tara, da na 2022 da ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku 'ya'yan talakawa suna zaune a gida. Babu shugaban jami'ar da zai iya gyara wannan daga ofishinsa.

Amma fa a daidai wannan lokacin kuɗi suna shiga ta wata ƙofar. Asusun TETFund, wanda asalinsa gwagwarmayar ASUU ce ta 1992 lokacin shugabancin Attahiru Jega, aka kafa shi da doka a 1993 aka sake masa fasali a 2011, yana karɓar haraji daga ribar kamfanoni. An fara da kashi 2 cikin 100, ya koma biyu da rabi, a 2023 ya kai kashi 3. Shiga kowace jami'ar gwamnati a Arewa ka ga sunan asusun a jikin gine-gine. Dubban malamai sun yi digiri na biyu da na uku da kuɗinsa. To tambayata ita ce: jami'o'i biyu da suke karɓar kaso iri ɗaya, suke ƙarƙashin yajin aiki iri ɗaya, me ya sa a ɗaya sakamakon jarrabawa ke fitowa kafin a koma hutu, a ɗayar kuma sai an shiga tsakiyar zango na gaba ɗalibi bai san ko ya ci ko ya faɗi ba? Amsar ita ce shugabanci. A nan nake so mu daɗe.

Abu na farko da ke kan mai jagorancin gyara shi ne ya san gaskiyar gidansa, kuma ya yarda a faɗa masa ita. Malamai nawa ne na dindindin a kowane sashe, idan an cire na aro da masu zuwa sau biyu a zango? Cikin lakcocin da jadawali ya ce za a yi a wannan makon, nawa aka yi? Mako nawa ake ɗauka daga ranar gama jarrabawa zuwa ranar da aka manna sakamako? Takardun ɗalibai nawa suka ɓace a bara? Ɗalibin digiri na biyu da aka ce zai gama a shekara biyu, a zahiri shekara nawa yake yi? Wallahi tattara waɗannan alƙaluma ba ya buƙatar biliyan. Littafi da biro da ma'aikaci mai amana sun isa a fara. Abin da yake buƙata shi ne shugaban da ba zai hukunta wanda ya kawo masa mummunan labari ba. Idan shugaban sashe ya san faɗin gaskiya zai jawo masa takardar tuhuma, to zai kawo maka ƙarya mai kyan gani, kai kuma ka hau kanta ka yi gini.

Na biyu, ya zaɓi abu biyu ko uku ya riƙe su gam. Mun saba ganin kundin tsare-tsare mai shafi ɗari da hamsin, da bango mai sheƙi, an ƙaddamar da shi an ci an sha, sannan a jefa shi a durowa sai baƙi sun zo a kakkaɓe. Ni a ganina, da a yi wannan gara a ce bana maganar sakamako kawai za mu gyara. A bi hanyar da takardar jarrabawa take bi tun daga hannun ɗalibi: malami ya duba, kwamitin sashe ya zauna, na tsangaya ya zauna, sannan majalisar malaman jami'a ta amince. A ina take maƙalewa? Sau da yawa za ka tarar malami ɗaya ne aka jibga wa takardu dubu da ɗoriya na kwas ɗin da kowa da kowa ke ɗauka, ga lakca, ga duba firojek na ɗalibai ashirin, ga shi kuma jami'in jarrabawa na sashe. Irin wannan ko ka rubuta masa takardar gargaɗi goma ba zai zama mutum biyar ba. A raba takardun, a ba shi mataimaka, a biya su a kan lokaci, a sa wa'adi. Bayan an yi haka, wanda ya ƙi cikawa don ganin dama, wannan kam a hukunta shi kowa ya gani. Kuma a riƙa manna jadawali a fili: sashe kaza ya kawo a mako huɗu, sashe kaza a mako goma sha biyu. Kunya kaɗai tana gyara abin da takardar tuhuma ba ta gyarawa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Jinkirin sakamako shi ne yake sa yaro ya yi rajistar aji na gaba bai san yana da kwas da zai maimaita ba, ya tashi gamawa a ce masa sai ya ƙara shekara. Shi ne yake sa a wuce shi a jerin masu tafiya hidimar ƙasa, har shekarunsa su haura 30 a ba shi takardar yafewa, ga kamfanoni suna ta rage shekarun ɗaukar aiki. Uban da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin makaranta shi ke biyan wannan sakacin.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi ɗaci: shugaba ya iya cewa a'a wajen ɗaukar ɗalibai. Kowane kwas yana da adadin da zai iya ɗauka. A likitanci da lauya da haɗa magunguna, hukumomin sana'ar ma suna da nasu ƙayyadadden adadin. Jami'ar da ta ɗebi ninki biyu na abin da aka yarje mata a fannin shari'a, 'ya'yan mutane ne za su gama su zauna shekara da shekaru suna jiran gurbin makarantar horon lauyoyi. Na san matsin da ke kan shugabanni. Kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo tun da aka ƙara farashi a 2024, abin da gwamnati ke bayarwa na gudanarwa bai taka kara ya karya ba, don haka kowane ƙarin ɗalibi kuɗin shiga ne. Sai a buɗe difloma nan, karatun ƙarshen mako can, duk a kan malaman nan dai da suka riga suka gaji. Amma wanda ya cika kwale-kwale fiye da kima don ya tara kuɗin fito, ai ya san abin da yake saya.

Na huɗu, a tambayi ɗalibai. Su ne kaɗai suke cikin aji kullum. Su suka san malamin da ke zuwa da wanda sai saura mako biyu jarrabawa zai bayyana ya haɗa darasin wata uku a kwana uku. Su suka san wanda ke tilasta sayen takardunsa, da wanda ke kiran 'yan mata ofis bayan magariba. A ba su takardar auna malami ba tare da sa suna ba a ƙarshen kowane zango, kuma a yi aiki da abin da suka faɗa. A buɗe hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba. Yarinyar da ta kawo kuka a tabbatar ba a rama a kan sakamakonta ba. Malamai na ƙwarai, kuma su ne mafi yawa, ba su da abin tsoro a nan. Hasali ma su ne ke shan baƙin jinin da 'yan tsiraru suka jawo.

Na biyar, a daina fifita abin da ake yanke wa kyalle a kan abin da ke sa aiki ya tafi. Gini yana da daɗin hoto. Amma na'urar miliyoyin naira da aka sayo tana cikin kwalinta saboda babu wuta, babu sinadaran aiki da ita, babu ma'aikacin da aka horar ya sarrafa ta, wannan asara ce mai rufin kwano. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da ma'aikacin laburare, da mai jarrabawa na waje da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba tambayoyi da yadda aka ba da maki, su ne ƙashin bayan inganci, kuma su ake fara mantawa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Yanzu ga sabuwar manhajar da NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Wannan dama ce ta a zauna da masu ɗaukar ma'aikata, da manoma, da asibitoci, da 'yan kasuwar garin, a ji me suke nema ga wanda ya gama. Jami'ar da ke tsakiyar ƙasar noman rani bai kamata ta kwafo kashi talatin ɗinta daga wata jami'ar bakin teku ba.

Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya gare shi na shekara biyar. Shekarar farko tana tafiya wajen gane gida, ta ƙarshe kuma hankalin kowa ya koma kan wanda zai gaje shi. Don haka duk gyaran da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya tafi ya tafi da shi. Mai hankali zai sa gyaran ya zama dokar majalisar malamai, ya ƙarfafa shugabannin sassa tunda a wurinsu aikin yake, ya jawo ƙungiyoyin ma'aikata cikin shawara tun daga farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To yanzu bari mu juyo gida, don ba zan yi wa malaman jami'a wa'azi in tsallake mu ba. A jami'ar jiha, gwamna ne uban gida. Shi ke naɗa hukumar gudanarwa, kuma a aikace da wuya a samu shugaban jami'ar da ya hau ba da yardarsa ba. Kowace jam'iyya a ƙasar nan, ba na cire kowa, ta taɓa mayar da kujerar hukumar gudanarwa ladan wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani. Kowa ya san yadda jerin sunaye ke fitowa daga gidajen manya lokacin ɗaukar ma'aikata da lokacin ba da gurbin karatu. Mu magoya baya mu ne muke kai takardun ƙannenmu muna cewa a taimaka, mu ne kuma muke zagin shugaban jami'a a Facebook idan ya ce yaron bai kai maki ba. Gurbin karatu na alfarma ɓarnarsa ta shekara huɗu ce. Amma malamin da aka ɗauka da takardar ɗan siyasa alhali bai cancanta ba, zai iya shekara talatin yana koyarwa, kuma shi zai horar da malaman gobe.

Ga kuma sabuwar cutar nan ta sai ɗan gari. Da an buɗe neman shugaban jami'a sai ka ji ƙungiyoyi sun fito, wannan na cewa lokacin yankinmu ne, wancan na cewa ba za mu yarda da baƙo ba. Mu tuna, lokacin da Sardauna ya kafa jami'ar Zariya a 1962, mutumin New Zealand ne, Norman Alexander, ya fara shugabantar ta. Wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likitan yara ne Bahaushe Kirista, ya riƙe ta har 1975, kuma a zamanin nan malamai daga ƙasashe daban-daban suka cika Samaru. Mutanen da suka gina wannan suna ba su tambayi ƙaramar hukumar kowa ba.

Haka nan maganar kowane ɗan majalisa sai ya kai jami'a mazaɓarsa. Malaman dai su ne waɗannan, sai a yi ta yanka su ƙanana ana rabawa, mutum ɗaya yana koyarwa a wuri uku, rabin makonsa a kan hanya. Daga nan ne aron farfesoshi ya samo asali. Har ta kai a 2025 Gwamnatin Tarayya da kanta ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai. Gyara wadda ke ƙasa ba ya kawo tafi a filin taro kamar aza harsashin sabuwa, amma shi ne aikin.

Saboda haka ga roƙona gare mu. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu ya ce zai gyara ilimi, kada mu tsaya a kan gini nawa zai yi. Mu tambaye shi wa zai naɗa a hukumar gudanarwa, kuma da wane ma'auni. Mu tambaye shi ko zai saki kuɗin gudanarwa kowane wata ba sai tantancewa ta matso ba. Mu tambaye shi ko zai iya jin shugaban jami'a ya ce masa Ranka ya daɗe wannan yaron bai cancanta ba, ya haƙura bai tsige shi ba. Idan namu ne ke kan kujera, tambayar ta fi wajaba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Iyaye kuma ku riƙa tambayar 'ya'yanku: lakca nawa aka yi muku wannan makon, yaushe sakamakonku ya fito? Tsofaffin ɗalibai ku nemi jami'arku ta riƙa wallafa waɗannan alƙaluma kowace shekara.

Manyan da ke aiko da jerin sunaye, da yawansu 'ya'yansu suna Ingila ko Masar ko Malesiya, idan ciwo ya kama su kuma jirgi za su hau. Mu ne za mu kwanta a gaban likitan da ya koyi aiki a ɗakin gwajin aro. Mu ne za mu bi ta kan gadar da injiniyan ya zana, 'ya'yanmu ne za su zauna gaban malamin sakandaren da aka yaye. Idan ba mu damu da abin da ke faruwa a ajin ba a ranakun da babu baƙi, babu wanda zai damu a madadinmu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin faɗa musu ita.